Sakin da Bai Saku Ba

A unguwarsu a Gummi, in ana son a kwatanta mutum mai sanyin hali, Maharazu ake ambata. Shekara ashirin da bakwai yana tare da matarsa Sahura, kuma yayarsa Marka, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu, tana iya rantsuwa ba ta taɓa jiyo muryarsa a sama ba. Ko akuya ta shiga masa lambu, sai dai ya kamo ta ya kai wa mai ita, har ya tsaya su gaisa.

Can baya ya yi shekara tara a wajen Anka yana aikin injin niƙa dutsen zinariya. Yakan tashi aiki fari fat da ƙura, har gashin ido. Da gubar dalma ta fara kashe yara a ƙauyukan can, sai ya tattara ya dawo Gummi, ya kama noman albasa da tattasai a fadama. Abu ɗaya ne ya kasa bari, taba sigari. Tari kuwa ya daɗe da shi har mutanen gida sun daina jin sa.

Bayan an yanke gero ne Sahura ta fara ganin abin da ba ta gane ba. Da farko ciwon kai ne da tashin zuciya. Sai mantuwa ta biyo. Ya fita zai tafi fadama, ya dawo ya tsaya a tsakar gida yana kallon takalmansa. Ya tada sallar Azahar, ya yi raka'a shida, ya juyo yana tambayar ta ko ya yi sallama. Ƙafafunsa sukan ɗaure ya zauna yana murza su.

An sayo maganin shawara da na zazzaɓin cizon sauro a kemis, ya shanye, babu sauƙi. Sahura ta duƙufa. Kowa ya ce mata mara lafiya ruwa yake so, ita kuma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba: kunu mai ruwa-ruwa da safe, jiƙon sassaƙe da hantsi, rubutun da Malam Ishaq limamin unguwa yake aikowa, ga kofin ruwan randa kullum a gefen tabarmarsa. Tana ba shi, yana sha, yana ƙara rikicewa.

Daga nan halinsa ya juya. Ranar kasuwa ya ɗaga hannu ya mari Maikuɗi, abokinsa tun suna yara, a kan wai ya taka masa buhu. Maikuɗi bai rama ba. Ya dafe kunci ya tsaya yana kallon sa, sannan ya riƙo hannunsa ya kawo shi gida. Magana ta bazu. Wasu suka ce iska ce ta taɓa shi a fadama, wasu suka ce sammu ne.

Wata Juma'a da la'asar, Marka ta shigo dubiya, ta tarar da Sahura ta durƙusa tana miƙa masa kwanon tuwo. Maharazu ya dubi kwanon, ya dubi matarsa da wasu idanu da ba ta taɓa gani ba.

"Mi kika zuba ciki?"

"Miyar kuka ce, Malam, wadda kake so."

"Ƙarya kike. Kashe ni kike son yi. Na gane ki." Ya ture kwanon ya kife. "Tashi ki bar min gida. Na sake ki. Saki uku."

Marka ta saki salati ta dafe ƙirji. "Maharazu! Ka san mi ka hwaɗi?"

Bai ko dube ta ba. Ya kwanta ya juya fuskarsa bango.

Sahura ta kwashe tuwon daga ƙasa, ta wanke kwanon ta kife, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Marka ta tare ƙofa.

"Ba inda za ki tahi. Ba ki ganin ba shi cikin hankalinai?"

"Na gani, Yaya. Amma kin ji da kunnenki, ni ma na ji. In na zauna, da wane matsayi zan taɓa shi? Ni ban da ilimin da zan yanke wa kaina hukunci."

Da safe ta hau babur ta tafi Bukkuyum, gidan yayanta Rabe. Ba ta yi kuka a hanya ba. Sai da matar Rabe ta kawo mata fura, ta tuna babu wanda ya san Maharazu ba ya shan fura da sukari, sannan hawaye suka zo.

Kwana uku tsakani, waya ta shigo da hantsi. Marka ce. Maharazu ya faɗi a bakin rijiya yana jijjiga, kumfa a baki. An kai shi asibitin Gummi, sun tsayar da jijjigar, sun ce a wuce da shi Sakkwato yau ɗin nan.

Rabe ya ce, "Ke da anka saka, mi za ki je yi?"

"Ko maƙwabci ne ai a je mishi, Yaya."

Rabe ya ɗauko makullin babur ya kai ta Gummi da kansa.

A babban asibitin Sakkwato aka kwantar da shi, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Wata ma'aikaciyar jinya, Bilkisu, ta zo da takarda tana cikewa. Ta dubi Sahura.

"Ke ce matarsa?"

Sahura ta dubi Marka. Marka ce ta amsa, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata: "Ita ce. Rubuta."

Washegari likitan da ke kula da shi ya kira su ofishinsa. Sunansa Tasi'u, dogo, mai magana a hankali. Da ya ji Maharazu ya yi aikin niƙa a wajen Anka sai ya gyaɗa kai, ya ce shi ma can aka haife shi, ya san injinan nan da ƙurarsu. Ya ɗaga hoton ƙirjin wajen taga, ya nuna musu wani farin dunƙule a tsakiya, gefen dama.

"Inna, ba zan ɓoye muku ba. Wannan ƙari ne a huhu. Za mu ciri ɗan kaɗan mu gwada, amma ina kyautata zaton ciwon daji ne."

Marka ta yi innalillahi. Sahura ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta yi tambayar da ke cin ta.

"Likita, ciwo a ƙirji, mi ya kai shi ga kai? Mutumen ga bai san ni ba. Ya mari abokinai cikin kasuwa."

Likita Tasi'u ya jawo kofi, ya zuba ruwa kaɗan, ya ce ta ɗauka miya ce da gishirinta daidai. Ya ƙara ruwa har kofin ya cika.

"Yanzu fa?"

"Ta yi salam."

"To, haka jininsa ya yi. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙoda in mutum ya ji ƙishirwa, yana ce mata ta riƙe ruwa kada ta zubar. In an sha ruwa an ƙoshi, sai ta daina aikawa. Irin wannan ƙarin na huhu yakan koyi yin sinadarin nan shi ma, kuma shi ba ya dainawa. Dare da rana yana ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Ruwa ya taru, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Daga nan sai mantuwa, sai faɗa, sai jijjiga. Gishirin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Da an ƙara kwana biyu, ban san abin da za mu tarar ba."

Sahura ta dubi kofin. "Ruwa? Likita, ni ce ke ɗura mishi ruwa. Kunu, jiƙo, komi. Ashe ni ce..."

"A'a, Inna." Ya ajiye kofin. "Duk mai jinya a duniya ruwa yake ba mara lafiya, kuma sau ɗari daidai ne. Wannan ciwon ne ya zo a juye. Ba yadda za a yi ki sani sai an auna jini. Amma daga yau za ki taimake ni da akasin abin da kika saba."

Bilkisu ta kawo gorar ruwa ta roba, ta ja layi da biro a jikinta. Iyakar abin da zai sha ke nan daga safiya zuwa safiya, har da kunu, har da romo. Aka sa masa ruwan gishiri ta jijiya, yana ɗiga a hankali, domin likita ya ce in aka yi gaggawar mayar da gishirin, shi ma yana lalata ƙwaƙwalwa. Ana zuwa a ɗebi jini sau da yawa a yini.

Aikin ya yi wa Sahura wuya. Maharazu yakan miƙo hannu yana neman kofi, leɓɓansa a bushe, ita kuma ta jiƙa tsumma ta goga masa a baki ta ce ya yi haƙuri. Ya zage ta. Ta koma can ƙarshen gado ta zauna, hijabinta har ƙasa, don har lokacin ba ta san ko muharramarsa ce ba. Wanka da canjin kaya ta bar wa ɗan Marka da ma'aikata. A gadon da ke kusa akwai wani dattijo daga Argungu mai irin ciwon, amma shi fuskarsa ce ta yi kumburi ta zama kamar faranti, sukarinsa ya hau, cinyoyinsa suka mutu. Bilkisu ta ce shi wani sinadarin daban nasa ƙarin yake saki. Matar dattijon da Sahura suka riƙa raba abinci da tabarma.

Rana ta biyar da safe, Sahura na zaune tana jan carbi, ta ji an ce, "Sahura."

Muryar ce ta sa ta ɗago. Tsohuwar muryarsa ce, mai taushi.

"Ina ne nan? Mi muke yi nan?"

"Sakkwato ne, Malam. Asibiti."

Ya dubi robar da ke hannunsa, ya dubi rufin ɗakin. "An shayar da albasa?"

Marka ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Sahura ta rufe fuska da hijabi tana alhamdulillahi, ba ta iya tsayawa ba. Ya bar su suka nutsu, sannan ya lura.

"Don mi kika zamna can nesa kamar baƙuwa? Matso mana."

Ba ta matsa ba. Marka ta ja kujera ta zauna kusa da kansa, ta faɗa masa komai, tun daga marin Maikuɗi har kwanon tuwo. Ba ta rage ko kalma ba. Yana saurare, idanunsa suna ƙara girma.

"Ni? Ni na ce haka? Ga Sahura?"

"Da bakinka. Ina tsaye."

"Wallahi, Yaya, abin da na tuna na ƙarshe, muna ɗaure gero." Ya juya wajen matarsa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. "Kuma kika biyo ni?"

"To wa zai biyo ka?" in ji ta.

Marka ta buga wa Malam Ishaq waya. Ya ce wannan ba maganar waya ba ce. Bayan kwana biyu sai ga shi ya shigo motar haya tun daga Gummi, tsoho da sandarsa, Maikuɗi na riƙe masa jaka. Ya gaida mara lafiya, ya yi masa addu'a, sannan ya ce a kai shi wurin likita. Ya zauna ya sa Likita Tasi'u ya maimaita masa bayanin gishirin nan har sau biyu.

"Ɗana, tambaya ɗaya gare ni. Mutumen da jininai ya kai inda ka ce, ya san abin da yake hwaɗi?"

"Malam, ban kasance a wurin ranar ba. Amma yadda aka kawo mana shi, da abin da gwaji ya nuna, mutum a wannan hali bai san ranar da yake ciki ba, wani ko sunansa ba ya iya faɗa. Ba fushi ba ne, ba maye ba ne. Ciwo ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zan iya rubuta maka in sa hannu."

"Rubuta."

Suka dawo bakin gadon. Malam Ishaq ya tambayi Marka abin da ta gani a makonnin nan, ta faɗa. Ya tambayi Maikuɗi, ya ce, "Malam, wanda ya mare ni ba Maharazu ba ne, tun a ranar na hwaɗi." Sannan ya dubi Maharazu ya ce ya rantse da Allah bai san ya furta ba. Ya rantse.

"To," in ji Malam Ishaq, "wanda ciwo ya gusar wa hankali har ya yi sambatu, ba a kama shi da abin da ya hwaɗi. Saki bai auku ba, ko ɗaya balle uku. Sahura, mijinki ne. Tashi ki gyara mishi matashi, ga shi nan ya karkace."

Ta tashi. Ta ɗaga kansa ta gyara matashin, ta bar tafinta a goshinsa. Malam ya juya ga Marka yana murmushi, ya ce rubutu kuma an dakatar, daga yau tofi zai riƙa yi, tunda likita ya auna ruwa.

Sakamakon gwaji ya fito, ciwon daji ne, irin mai saurin yaɗuwa. Likita Tasi'u ya zaunar da su biyun ya gaya musu gaskiya: magani yakan sa ya ƙanƙance sosai, amma yawanci yana dawowa. Maharazu ya ce a yi abin da za a iya, sauran na Allah ne. Aka fara ba shi maganin ta jijiya, duk bayan mako uku su zo Sakkwato. Gashinsa ya zube, ya rame, abinci ya fita ransa. Amma ƙarin ya ja baya, gishirin jini ya daidaita, har aka ƙara masa ruwan sha. Taba kuwa tun a gadon asibiti ya ce ko warinta ba ya so.

Da ya samu ƙarfin tafiya, sai ya ce Maikuɗi ya raka shi kasuwa. A daidai inda ya mare shi ya tsaya, gaban masu albasa, ya riƙe hannunsa ya nemi gafara da murya a sama don kowa ya ji. Maikuɗi ya ce ya yafe tun kafin ya sauke hannu, ya kuma ce marin ma ba wani zafi, hannun manomin tattasai ne. Aka yi ta dariya. Daga nan ya sa aka kai shi Bukkuyum, ya durƙusa gaban Rabe. Rabe ya ɗaga shi da sauri yana cewa ya bari, ya bari, ya sa aka yanka musu zabi biyu.

Ya ga wata damina, har rani ya sake zagayowa. Ba ya iya noma, amma ana ɗaukar sa a babur a kai shi fadama ya zauna ƙarƙashin mangwaro yana nuna yadda za a ja ruwa. Ƙaramar 'yarsu Surayya ta haihu, shi ya yi wa jaririn huɗuba. Sahura ta zama gwana wajen gane alamu. Wata rana ya tambaye ta abu ɗaya sau uku kafin azahar, ba ta jira komai ba ta rage ruwa, ta kira Bilkisu a waya, washegari suna Sakkwato. Gishirin ya fara sauka, ciwon ya dawo. Aka tare shi da wuri, bai kai ga rikicewa ba.

A hanyarsu ta komawa, a cikin mota, ya ce mata, "Kin san abin da nake gode wa Allah a kai? Da na mutu ranar da na hwaɗi bakin rijiya, da maganata ta ƙarshe gare ki ita ce waccan. Da kin zamna da ita har ki mutu."

"Da na zamna da ita," in ji Sahura. Ba ta ɓoye masa ba.

"To ga wata ki riƙe. Ban taɓa nadamar aurenki ba, ko yini ɗaya. Ki yahe min."

"Na yahe maka, Malam, duniya da lahira. Ni ma ka yahe min."

Matar da ke gefensu ta juya fuska wajen taga tana share ido da bakin mayafi.

Ya rasu wata goma sha huɗu bayan kwanciyarsa ta farko, wata Talata bayan sallar Azahar, a ɗakinsa, cikin hankalinsa. Ya san kowa, ya kira kowa da sunansa. Malam Ishaq na laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa.

Sahura ta yi takaba a ɗakinta. Masu zuwa gaisuwa sukan yi mamakin yadda godiya ta fi kuka yawa a bakinta. Takan ce musu an ba ta aron shekara guda da wata biyu, kuma ta san da wa ta zauna a cikinsu.

Da ta fita takaba, ta sa Rabe ya samo mata man shanu mai kyau daga rugar dangin innarsu, ta cika kwalba biyu, ta haɗa da buhun albasa daga fadamar Maharazu. Maikuɗi ya ce shi zai kai. Ya dawo da yamma ya tsaya a zaure ya ba da labari: Bilkisu ta karɓi tata ta yi ta sa albarka, likita kuma da farko ya ƙi, yana cewa ai bai warkar da shi ba.

"Mi ka ce mishi?" in ji Marka.

"Na ce ni dai ɗan aike ne, kuma ba ni komawa Gummi da buhu a kai. Sai ya yi dariya ya karɓa. Ya ce a gaida ku, ya tambayi jaririn Surayya."

"Madalla," in ji Sahura daga bayan labule. "Allah ya saka musu da alheri. Kai mishi ruwa, Yaya, ya sha hanya."